"Me ya kai ta?": muhawara kan wanda ake ɗora wa laifi idan an yi fyaɗe

Maman Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun jiya nake bin maganganun da aka yi ta yi a kan labarin yarinyar nan mai tallar awara da aka yi wa fyaɗe a kango. Wasu uwar suke zagi, wasu yarinyar, wasu gwamnati. Wanda ya yi aika-aikar kuwa da ƙyar na ga mai ambatonsa, sai ka ce kangon ne ya taso ya kama ta.

Ina so in tuna muku da Kwanar Dangora ta jihar Kano. A watan Yunin 2020 'yan sanda suka kama wani mutum da ake zargi ya yi wa mata 40 fyaɗe cikin shekara guda a garin. Haurawa gidaje yake yi da dare. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai tsohuwa mai shekara 80, akwai yarinya 'yar shekara 10. Mutanen gari har suna suka sa masa, "mai siket". Asirinsa bai tonu ba sai ranar da wata uwa ta ritsa shi a ɗakin 'ya'yanta, ya zura da gudu, maƙwabta suka bi shi suka kama.

To masu "me ya kai ta?", ku faɗa min me ya kai tsohuwar nan ɗakinta. Sannan ku faɗa min yadda aka yi mutum ɗaya ya shekara yana wannan ɓarna a gari ɗaya. Ni a ganina bakinmu ne ya ba shi wannan shekarar. Duk macen da ta san gobe da ita za a kwana ana yi, shiru za ta yi, shirun nan kuma shi ne jarin mai fyaɗe.

Abu Ammar:
Wa alaikumus salam. Maman Hanif, babu mai hankalin da zai goyi bayan mai fyaɗe, Allah ya tsine wa mai yi. Na tsohuwa da ƙananan yara daban ne, wannan ba a magana. Amma mu ji tsoron Allah mu faɗi gaskiya, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ki fita titi da yamma ki ga irin shigar da 'yan matanmu suke yi, ga turare, ga bin samari ɗaki da shago. Idan abu ya faru sai a ce kada a yi magana? Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Ummi 'Yar Zariya:
Yaya Abu Ammar, ɓera dabba ce, ba a saukar masa da littafi ba, ba za a tashe shi a tambaye shi ba. Kai da kanka kake kwatanta namiji baligi mai hankali da ɓera, mu kuma da muka ce namiji yana iya riƙe kansa mu ne ake cewa mun raina maza.

Ka ce na tsohuwa da yara daban ne. To a wannan shekarar ta 2020 ɗin, ɗalibar jami'ar Benin mai shekara 22 a cikin coci tana karatu aka yi mata fyaɗe aka fasa mata kai, ta rasu a ƙarshen watan Mayu. Kwana kaɗan bayan nan aka yi wa wata Musulma mai shekara 18 a gidan iyayenta a Ibadan, aka kashe ta. A Dutse maza 11 aka kama a kan yarinya 'yar shekara 12. Wurin ibada, gidan uba, yarinya ƙarama. In aka cire waɗannan duka a ce "daban ne", wa ya rage?

Abu Ammar:
Waɗanda suka kai kansu suka rage, kin kuma san suna nan.

Ummi 'Yar Zariya:
Ta kai kanta hira, ko ta kai kanta a danne ta? Ba ɗaya ba ne.

Hajiya Babba:
Ni 'yan nan ba ruwana da maganar shiga, don na ga mai dogon hijabi har ƙasa da abin ya same ta. Iyaye mata nake kuka da su. Ki ɗora wa yarinya 'yar shekara 9 tire, ki ce kada ta dawo sai ta sayar, ta bi gareji, ta bi tasha, ta bi wurin masu gini har bayan isha'i. Don kuɗin adashi da kayan ɗaki! Wallahi uwar da ta yi haka sai Allah ya tambaye ta. A zamaninmu ma an yi talla, amma kafin magariba kowa ta shige gida, kuma duk babban da ya gan ki a inda bai dace ba zai koro ki.

Maman Hanif:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ban ƙi taki ba. Ni ma ba na son talla, kuma duk uwar da ta samu yadda za ta yi ta raba 'yarta da shi ta yi. Amma wata uwar mijin ya fita tun asuba bai bar ko na koko ba, wani ya tafi Legas shekara biyu ba aike. Ba a taɓa tambayar ina uban yake. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da muke faɗar maganar. Kafin abu ya faru, nasiha ce. Bayan ya faru, ga yarinya kwance tana zubar da jini, in kika ce wa uwar "ke kika ja", abin da kika koya wa sauran iyayen unguwa shi ne in tasu ta same su su kulle ƙofa su gasa yarinya da ruwan zafi su yi shiru. Shi kuma mutumin gobe yana majalisarsa yana shan shayi, wata mai tiren za ta wuce.

Hajiya Babba:
Wannan kuma gaskiya ne. Na san gidan da aka yi haka, sai da ciki ya fito sannan aka sani.

Sista Jummai:
Bari in sa baki a matsayina na ma'aikaciyar jinya, don shirun nan mu muke ganin sakamakonsa.

Akwai maganin da ake ba wanda aka yi wa fyaɗe don kare shi daga kamuwa da cutar ƙanjamau. Dole a fara shan sa cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, ana sha kwana 28. Akwai na hana ɗaukar ciki na gaggawa, shi ma kwanakinsa ƙididdigaggu ne, bai wuce kwana 5 ba. Ga maganin sauran cututtukan sanyi, ga ɗinki in an ji rauni. To sau da yawa sai bayan sati biyu ko wata ake kawo mana yarinya, lokacin da ta fara wari ko ta kasa tafiya. An yi mata wanka, an wanke kayan ko an ƙone su. Ka tambayi uwar me ya hana ku zuwa da wuri, amsar kusan kullum ɗaya ce: "Sista, kada a ji, wa zai aure ta?" Wata ma kuka take tana roƙo kada a rubuta a kati.

Don Allah ku yaɗa wannan: a fara kai wa asibiti, kada a yi wanka tukuna in da hali, kayan da ke jikinta a naɗe su a takarda ko ambulan a tafi da su, kada a cusa a leda don danshi yana lalata shaida. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala. A Kaduna akwai cibiyoyin Salama, ciki har da na Kakuri da Zariya da Kafanchan. An kafa su ne musamman don irin wannan.

Sannan masu cewa "me ya sa ba ta yi ihu ba", tsoro mai tsanani yana sandarar da mutum. Jiki ya ƙi motsi, murya ta ƙi fita. Sanannen abu ne a likitance, ba yarda ba ce. Manyan maza ma 'yan fashi sun tare su sun kasa ko salati.

Abu Ammar:
Sista, na gode da bayani, na ƙaru. Amma har yanzu ba a amsa min ba. Addini ya ce mace ta suturta jikinta, ya hana keɓancewa da namijin da ba muharrami ba. Wadda ta take waɗannan, ba ta da laifi ko kaɗan?

Ɗalibin Ilimi:
Malam Abu Ammar, Allah ya saka da alheri, tambayarka tana kan hanya amma ka haɗa abu biyu da malamai suka raba. Barin sutura ko keɓancewa saɓo ne, tsakanin mai yi da Ubangijinta, kuma in keɓancewa ce to su biyu suka yi ta, ba ita kaɗai ba. Fyaɗe kuma ta'addanci ne da wani ya yi wa wani. Saɓon farko ba ya rage wa na biyu nauyi ko da ƙwayar zarra, ba ya kuma mayar da wani yanki na laifin kanta.

Duba tsarin Suratun Nur. Aya ta 30 maza aka fara umarta su runtse idanu su tsare farjinsu, sannan aya ta 31 ta zo kan mata. Ba a ce namiji ya runtse ido in mace ta rufe jiki ba, umarni ne mai zaman kansa. A hajjin ban kwana, lokacin da Fadlu ɗan Abbas yake bayan Annabi (SAW) a kan abin hawa, wata mata ta zo tambaya, Fadlu ya riƙa kallonta. Fuskar Fadlu Annabi ya kama ya juyar. Yana cikin Bukhari da Muslim.

Akwai kuma hadisin Wa'ilu ɗan Hujru a Tirmizi da Abu Dawud: wata mata ta fito za ta sallah, wani ya auka mata ya biya buƙatarsa da ƙarfi. Da maganar ta zo gaban Annabi (SAW), ce mata ya yi ta tafi Allah ya gafarta mata, hukunci ya hau kan namijin. Ba a rawaito ya tambaye ta me ya fito da ita, ko wane mayafi ta yafa, ko me ya sa ba ta yi sallarta a ɗaki ba. A aya ta 33 ta Suratun Nur ma, da aka hana tilasta wa kuyangi yin lalata, gafara da rahama aka ambata bayan tilastawar.

A mazhabarmu, Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wanda ya tilasta mace zai biya ta sadakin irinta, ga hukunci a kansa, ita kuma babu uƙuba a kanta. Alƙali Ibnul Arabi, shi ma Bamalike, ya tafi a kan cewa ƙwace mace da makami hiraba ce, wato hukuncin 'yan fashi na aya ta 33 a Suratul Ma'ida, har ya ce fashin farji ya fi fashin dukiya muni. To in malaman da suka fi mu sanin hukuncin hijabi ba su sa shi cikin ma'aunin fyaɗe ba, mu a ina muka samo?

Ummi 'Yar Zariya:
Allah ya gafarta malam, wannan karatun a kan mumbari muke son jin sa. Huɗuba nawa aka yi a kan shigar mata, nawa aka yi a kan kawu da maƙwabci da malamin makaranta?

Barista Na Kaduna:
Malam, na ji daɗin bayaninka, amma bari in taɓo inda ke da ƙaiƙayi don kada mu yi wa kanmu daɗin baki. A wannan mazhabar dai, matar da ba ta da aure in ciki ya bayyana gare ta, ana ɗaukar cikin hujjar zina, sai in ta kawo alamar tilastawa, kamar ta zo tana jini ko tana kururuwar neman taimako a lokacin da abin ya faru. Ka tuna shari'ar yarinyar nan ta Tsafe a Zamfara. A 2000 aka same ta da ciki, ta ce maza uku ne suka tilasta ta. Mazan suka musa, aka sallame su. Ita aka yanke mata bulala 100 ta zina da 80 ta ƙazafi. Daga baya an janye ta ƙazafin, amma a Janairun 2001 an yi mata 100 ɗin. Duk yarinyar da ta ji wannan labari, wane darasi ta ɗauka?

Ɗalibin Ilimi:
Barista, ban musa ba, maganar tana cikin littattafanmu. Sai dai mafi yawan malamai, Hanafawa da Shafi'awa da mashhurin zancen Hambalawa, ba sa tsayar da haddi da ciki kaɗai, saboda ƙa'idar tunkuɗe haddi da shubuha. Kuma ka lura da abin da sharaɗin Malikiyya yake nema: ta fito ta yi kururuwa, ta faɗa nan take. Wato fiƙihun yana ɗauka cewa al'umma za ta karɓe ta in ta faɗa. Mu kuma mun gina al'ummar da in ta faɗa ta shiga uku, in ta yi shiru ciki ya fito ta shiga tara. Mun toshe mata ƙofar da shari'a ta buɗe, sannan mu kama ta da laifin rashin bi ta ƙofar.

Wani kuskuren da ya yaɗu shi ne cewa sai ta kawo shaidu huɗu ko a ƙyale shi. Shaidu huɗu na tsayar da haddin zina ne. Alƙali yana da ta'aziri, wato hukuncin da yake yankewa gwargwadon ganinsa, yana kuma aiki da alamomi. A ƙissar Annabi Yusuf da me aka gane mai gaskiya? Da riga, aka duba ta gaba ta yage ko ta baya. Rahoton likita da gwajin ƙwayar halitta ai sun fi yagewar riga ƙarfi.

Baban Khalifa:
Tunda an kawo Annabi Yusuf, to ku tuna shi aka yi wa sharri, kuma mace ce ta yi. Ni abin da nake tsoro ke nan. Yanzu yarinya ta yi ciki da saurayinta, tsoron duka ya sa ta nuna wani bawan Allah, kafin a bincika an fasa masa kai ko an watsa hotonsa a Facebook. Lokacin gangamin ArewaMeToo a 2019, da mata suka riƙa fallasa waɗanda suka ce sun ci zarafinsu, sunaye nawa aka yi ta jefowa a Twitter ba kotu ba shaida? In an ce kada a tuhumi mace, shi namijin fa?

Barista Na Kaduna:
Baban Khalifa, ƙazafi yana faruwa, kuma duka ko kisan wanda ake zargi laifi ne, ko da ya aikata. Amma bincike daban, gori daban. "Yaushe abin ya faru, a ina, wa ya gan ku, me ya ce miki", wannan bincike ne, shi ke wanke wanda aka yi wa sharri. "Me kika sa, me ya fitar da ke da dare, dama an san ki", wannan ba ya wanke kowa, don ba ya nuna ko an yi ko ba a yi ba. Abin da yake cewa kawai shi ne ko an yi ma ta cancanta.

Dokar shaida ta ƙasa ta 2011 ta gane wannan. Sashe na 234 ya hana lauyan wanda ake tuhuma kawo shaida ko yi wa mai ƙara tambaya a kan tarayyarta da wasu maza, sai da izinin kotu. Tsohuwar dokar ta yarda a kawo shaidar cewa dama can 'yar iska ce. An cire wannan daga littafi, amma bai fita daga bakinmu ba.

Ka kuma lura da misalin da ka kawo da kanka: tsoron duka ne ya sa ta nuna wani. Gidan da yarinya za ta iya faɗar gaskiya ba a kashe ta ba, ƙaryar ma raguwa take yi.

Game da yara, a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, sashe na 282, yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba babu maganar "ai da yardarta", ko "ai ita take zuwa karɓar naira ɗari". Yardarta ba yarda ba ce a idon doka.

Mai Zaure:
Jama'a a ci gaba cikin mutunci. Na goge saƙo biyu da aka ambaci sunan unguwa da sunan mahaifin yarinyar. Duk wanda ya sake zan fitar da shi. Sannan wata 'yar'uwa ta turo min wannan ta bayan fage, ta ce in saka ba suna:

"Ina karanta ku tun ɗazu hannuna yana rawa. Ni ina aji biyu na sakandare ƙanin babana da ke kwana a ɗakin zaure ya fara. Da hijabina, ban taɓa talla ba, ko zance ban fara fita ba. Da na gaya wa mamata sai ta rufe min baki da hannunta ta ce in na sake faɗa zan raba zumunci, kuma babana zai sake ta. Aka mayar da ni gidan kakata, shi ya ci gaba da zama a gidanmu. Yau ina da aure da 'ya'ya, shi ake kira ya yi addu'a in an yi suna a dangi. Na yafe wa mamata don na san tsoro ne. Abin da nake so masu cewa daddawa da wari su sani, duk lokacin da kuka faɗa, irina suna cikin masu ji, kuma mun fi yawan da kuke zato."

Hajiya Babba:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yata, Allah ya saka miki, ya sanyaya zuciyarki. Wallahi jikina ya mutu.

Abu Ammar:
Subhanallah. 'Yar'uwa, Allah ya bi miki hakkinki. Ba irinki nake nufi ba.

Maman Hanif:
Abu Ammar, na yarda ba ita kake nufi ba. Amma magana in ta fita ba ta zaɓar kunnen da za ta shiga. Yarinya 'yar aji biyu ba ta iya tantance cewa ita tana cikin "na daban". Abin da ta taso tana ji shi ne duk wadda aka yi wa, akwai abin da ta yi. Sai ta zauna tana laluben nata laifin.

Sista Jummai:
Kuma labarin 'yar'uwar nan shi ne aka fi gani, ba na baƙo a lungu ba. Binciken da hukumar ƙidaya ta ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna mace 1 cikin 4 da namiji 1 cikin 10 sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, kuma akasari daga wanda suka sani. Ku lura da na mazan. Ana kawo mana yara maza, almajirai da 'yan makarantar kwana da yaran shago. Su wane mayafi za a ce ba su yafa ba? Nasu shirun ma ya fi na matan tsanani, don yaro yana tsoron a sa masa suna har girmansa.

Baban Khalifa:
To ai gwamnati ta yi dokoki. El-Rufai ba dandaƙa ya ce a yi ba? Me ya sa abin bai tsaya ba?

Barista Na Kaduna:
Dokoki kam akwai su. Dokar haramta cin zarafin jama'a ta VAPP tun 2015 Jonathan ya sa mata hannu: mai fyaɗe zai iya samun ɗaurin rai da rai, mafi ƙaranci shekara 12 ba zaɓin tara, in taron dangi aka yi mafi ƙaranci shekara 20, kuma ta amince namiji ma ana yi masa fyaɗe. Da farko Abuja kaɗai ta shafa, sai da jihohi suka riƙa amincewa da ita ɗaya bayan ɗaya. A Nuwambar 2019 aka buɗe kundin sunayen masu irin wannan laifi a ƙarƙashin hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. A Yunin 2020 gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe, a watan ne kuma Sufeto Janar Mohammed Adamu ya ce an kai wa 'yan sanda ƙorafi 717 daga Janairu zuwa Mayu. A Satumbar 2020 Kaduna ta yi gyaran da kake faɗa: wanda ya yi wa ƙasa da shekara 14, dandaƙa da kisa, sama da haka dandaƙa da ɗaurin rai da rai.

Ka auna 717 a ƙasa baki ɗaya cikin wata biyar, da mutum 40 da ake magana a gari ɗaya. Ka ga abin da ke isa caji ofis ɗan tsito ne. Wanda ya isa ɗin ma, ga yadda yake mutuwa: a kai majistare a tsare shi, alhali babbar kotu ce ke da hurumi, sai a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Cikin jiran nan dangin wanda ake zargi za su fara sintiri, a zo da dattawa, a zo da mai unguwa, a ce a rufa wa juna asiri, ga kuɗin magani. Uban yarinya yana ganin kullum ana nuna gidansa, 'yan'uwanta an fasa zuwa zance wurinsu, sai ya ce ya bar wa Allah. Ranar zama a nemi shaida a rasa. Tsananin hukunci ma wani lokaci ƙara wa matsin lambar ƙarfi yake yi, a ce "yanzu kai sai ka sa a kashe ɗan maƙwabcinka?" Nan ma an sake juyar da laifin kan gidan da aka zalunta.

Ummi 'Yar Zariya:
Wato asirin da ake cewa a rufa, na waye?

Abu Ammar:
Na ji duk bayananku, kuma karin maganar nan na janye ta a wannan mahallin. Amma ba zan daina gaya wa ƙannena su suturta jikinsu su kuma guji ɗakin samari ba, ko me za a kira ni.

Maman Hanif:
Babu wanda ya ce ka daina, ni ma ina gaya wa nawa. Sai dai ka ƙara musu da cewa in wani ya taɓa su, ko waye, ko a ina suke, ko sun saɓa maka sun je inda ka hana, su zo wurinka kai za ka tsaya musu. Ka kuma zaunar da ƙannenka maza.

Abu Ammar:
Ta mazan na karɓa. Ta "ko sun saɓa maka" ɗin ce sai na yi tunani, don kada ta zama lasisi.

Hajiya Babba:
Barista, ni tambaya gare ni. Idan iyaye sun riga sun karɓi kuɗin sulhu a gaban mai unguwa, shi ke nan magana ta mutu? Akwai dalilin da ya sa nake tambaya.

Barista Na Kaduna:
Ba ta mutu ba, Hajiya. Fyaɗe laifi ne da hukuma ke gurfanarwa, mai unguwa ba shi da ikon kashe shi, takardar da aka sa hannu a zaurensa ba ta ɗaure kotu. Wahalar ita ce shaida, in iyaye sun ƙi fitowa. Amma ko ba a je kotu ba yarinyar tana buƙatar asibiti. Yaushe abin ya faru?

Hajiya Babba:
Shekaranjiya da daddare, in ji uwar.

Sista Jummai:
To Hajiya lokaci bai ƙure ba amma saura kaɗan, kada a kai gobe. Ki ajiye wayar ki je ki same su yanzu, ki ce wa uwar magani kawai za a karɓo, maganar kotu a bar ta sai an dawo. Na turo miki lambata ta bayan fage, in kun kama hanya ki kira ni in gaya miki sashen da za ku nufa.